Baburin Malamin Daji

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa garin Gumel baiwa da su, dole a fara da Injiniya Barau. In ba a fara da shi ba, shi da kansa zai tsayar da lissafin ya gyara. Mutum ne mai cikar kamala. Hularsa ba ta karkacewa sai da izininsa. A hankali yake tafiya, domin ya ba jama'a damar gaishe shi a tsanake. Ko gyaran murya zai yi, sai ya duba hagu da dama ya tabbatar akwai wanda zai amfana.

A Kano ya samo injiniyancin. Ya yi shekaru a wata masaƙa yana riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye sufana da guduma. Duk injiniyan da zai taɓa inji sai ya zo ya tsaya a gabansa tukuna. To, wanda injiniyoyi ke tsayawa a gabansa, me za a kira shi? Da masaƙar ta rufe, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da tabarau da sunan. Mutanen Gumel masu kara ne, suka bar masa kayansa. Matasan bakin tasha ne kawai kan ce masa Baba Sufana, shi ma sai ya yi nisa.

Ga shi kuma da tsimi, ko da yake shi tattalin arziki yake kiransa. Yakan tsaga ashana biyu. Yakan wanke leda ya shanya. Matarsa Mairo ta daɗe da daina magana, tana dai ɓoye ledojinta.

Abu ɗaya ne ya rage wa wannan bawan Allah, wato kujera. Ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. A wurin taro yakan sami benci na biyu, wani lokaci na uku, a bayan mutanen da ko Kano ba su taɓa kwana ba. Wannan abu yana ci masa rai.

Sai Allah ya kawo hanya. Dattawan wasu ƙauyuka da rugage da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar suka shirya kafa kwamitin sulhu na manoma da makiyaya kafin kaka ta kankama. Ana neman ciyaman. Aikin ba albashi, sai yawo cikin rana ana duba gonar waken da shanu suka shiga, ana shan zagi daga ɓangare biyu. Kowa ya ce a ba wani. Ardo Manu, wani dattijon Bafillace da suka saba da Barau a wurin mai shayi, shi ya kawo labarin. Barau Bamange ne, abokin wasan Fulani, don haka tsakaninsu ba a gaisawa sai an yi tsiya.

Ardo ya ce, "Bamange, mun zauna mun yi shawara, kai za mu ba. Ba ka da saniya, ba ka da gona, ba ka da aikin yi. Mun duba ko'ina ba mu ga wanda ya fi ka cancanta ba."

Barau ya gyara tabarau ya ce, "Ɗan Fulani, da ma na san jama'a za su farga. Zan duba lokacina."

Maganar ta ƙare ke nan. Ba abokin takara. Ranar taro kawai zai je ya tsaya, a tsaya a bayansa, a yi addu'a. Da wani ne, da ya koma gida ya sa a wanke masa riga.

Amma Barau ba wani ba ne. Kalmar nan ta "ba ka da" ta bi shi har gida ta zauna masa a ƙirji. Wato mutanen nan sun ɗauka daga sama ya faɗo. Ya bar ƙasar tun yana saurayi, mutanen ƙauye ba su san ko ɗan wane ne ba. Za su ba shi kujera kamar yadda ake ba baƙo tabarma. Shi kuwa yana son a ba shi don asali.

Asalin kuwa akwai shi. Mahaifinsa, marigayi Malam Abdulganiyu, malamin daji ne a zamaninsa. Aikinsa shi ne tsare itatuwa daga mutanen da ke zaune a ƙarƙashinsu. Wanda ya sassabe reshen gawo ya ba awaki, ko ya ɗebo itacen girki ɗanye, da Malam zai gana. Yana da baƙin babur ƙirar Rodmasta, mai salansa biyu, da shi yake kewaya ƙasar. Barau yana yaro an sha goya shi a baya, ya kuma ga abin da ya gani da idonsa. Da an ji ƙarar babur, ƙauye kan yi tsit saboda girmamawa. Ƙarti kan diro daga kan bishiya don ɗokin gaisuwa. Wasu ɗokin kan yi musu yawa har su zarce cikin daji a guje. Ba a taɓa komawa gida hannu wofi ba, sai da zabi ko ƙwai. Barau ya girma yana mamakin irin son da talakawa ke yi wa mahaifinsa.

Baburin yana nan a tsohon ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhunan ƙaiƙayi. Kaji sun yi zuriya a kansa. Barau ya tsaya a gabansa ya cire hula.

Ya ce wa Mairo, "A kan wannan zan shiga wurin taro. Ba sai na yi bayani ba. Da sun ji muryarsa za su san jinin wa ke tafe."

Mairo ta ce, "Maigida, ai ko taka shi aka yi ba ya motsi."

"Shi ya sa Allah ya yi injiniyoyi."

Ya dai leƙa wurin wani bakanike a ɓoye ya tambayi kuɗin aiki. Da ya ji, sai da ya nemi wurin zama. Da ya dawo majalisa ya ce, "Injiniya ya kai aiki wurin bakanike? Me za a ce a Kano?"

Zaure ya koma gareji. Ya sauke inji ya ɗora a kan tsohuwar tabarma. Farantan Mairo suka fara ɓacewa daga madafa ɗaya bayan ɗaya, wannan na noti, wannan na kusoshi, babban tiren da take fitar wa baƙi kuwa ya zama na bawul. Fistin biyun sun kafe a cikin bulok saboda tsatsa. Barau ya zuba musu kananzir, ya ƙara da man gyaɗar miya, ya bar su suna sha har gero ya fara fitar da kai. Kullum da safe yakan ɗora guntun itace a kansu ya daka da taɓarya a hankali, yana yi wa masu wucewa jawabi.

Yakan ce, "Ku duba nan. Turawan da suka ƙera wannan, da suna da ido irin nawa, da ba su sa shi a nan ba. Amma ba laifi, sun yi iya ƙoƙarinsu."

Ranar da fistin ya motsa, ya aika aka kira liman ya gani.

Gaskit ɗin gefe, masu hana mai yoyo, ya yanka su daga kwalin taliya da almakashin Mairo. Na saman inji, wanda yake na jan ƙarfe, ya gasa shi a murhu har ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya ce ya koma sabo. Bawul kuwa, ya tankaɗe yashi da rariyar gari, ya kwaɓa da baƙin mai, ya yi ta murza su yana zaune kamar mai kaɗa miya. Tuwon gidan ya yi kwanaki yana ƙas-ƙas. Da Mairo ta yi magana, ya ce duk gidan da ake babban aiki sai an yi haƙuri.

Abin da ba ya yankuwa daga kwali shi ne zobban fistin, waɗanda ake kira rin. Don haka ranar Alhamis ya shiga motar Maigatari, ya wuce kasuwar shanu ko kallo bai yi ba, ya nufi layin 'yan gwangwan. Can ya sami wani mutumin Damagaram ta Nijar zaune a gaban tulin ƙarafa.

Mutumin ya juya tsohon fistin a hannu ya ce da guntun Faransancinsa, "Mushe, wannan moto ai ya girmi babana."

"Ya girmi baban kowa a layin nan. Ka san da wa kake magana?"

Mutumin bai sani ba, saboda haka aka sanar da shi, tun daga masaƙa har zuwa makulli. Aka tona tulin aka sami rin da suka yi daidai. Aka shiga ciniki. Barau ya taya, mutumin ya yi dariya. Barau ya zauna. Aka yi azahar yana nan. Duk mai sayen da ya matso sai ya tarar da jawabi a kan lalacewar ƙarfen zamani, ya juya. Da rana ta karkata, mutumin ya naɗe rin ɗin a takarda ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce ya bayar a yadda ya taya, ya kuma roƙe shi don Allah in yana neman wani abu nan gaba ya gwada layin can na ƙasa.

Barau ya ce wa 'yan cikin mota a hanyar dawowa, "Mutanen Faransa sun san darajar ilimi."

Saura kafireta, domin tasa ta ruɓe. Ya ji labarin wani tsoho ya rasu a Gagarawa Tasha, wanda ya taɓa mallakar irin wannan babur. Barau bai san mamacin ba, amma zumunci ba ya buƙatar sani. Ya sa babbar riga ya tafi ta'aziyya. Ya yi addu'a mai tsawo, ya yabi halin marigayi, ya yi magana a kan ƙarewar duniya da rashin amfanin tara kaya, har zance ya gangaro kan kafireta. Magada suna cikin jimami, ga kunyar baƙo. Ya dawo da ita a cikin aljihun riga, da guzurin gumba.

Ana cikin haka yayarsa Kande ta shigo. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, gidanta na jikin nasa. Ta tsaya a bakin zaure ta daɗe tana kallon baƙin tankin.

Ta ce, "Barau, tun da abin nan ya kwanta mutane ma suka kwanta. Da ka bar shi."

"Yaya, ai mutanen nake son in tasa."

"Za su tashi kuwa."

"Kin gani? Ke ma kin yarda."

Kande ta gyara mayafi ta tafi.

A nan dole a faɗi gaskiya, ko da ba ta yi wa masu jiran abin dariya daɗi ba. Injin ya tashi. Wata safiya bayan an yanke gero, Barau ya haɗa komai, ya zuba mai kaɗan kamar mai ɗiga magani a ido, ya taka kik. Ya taka har zufa ta jiƙa masa riga. Can sai babur ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, ya kama. Kwalin taliya ya riƙe. Rin ɗin Maigatari suka zauna. Matasan bakin tasha da suka taru don su yi dariya suka koma da dariyarsu.

Amma Barau bai yi murna ba. Ya karkata kai yana saurare, fuskarsa a murtuke. Injin yana bugawa lafiya, tuf-tuf, tuf-tuf, kamar na kowa. Ba haka na Malam yake yi ba. Na Malam yana da wani siririn fito a ƙarshen kowane bugu, wanda ake ji tun daga nesa. Sai ya tuna. Salansar hagu ta taɓa hujewa, Malam ya naɗe wurin da gwangwani ya ɗaure da waya. Shi kuma Barau da hannunsa ya cire ruɓaɓɓen gwangwanin ya liƙe hujin.

Ya sake huda salansar da ya gyara. Ya shiga gwaji. Gwangwanin tumatir ya yi kuka kamar ɗan akuya. Na kifi ya yi gurnani. Ya bi bola yana tsintar gwangwani da sanda, yana gaya wa masu kallo cewa bincike yake yi. Ranar da ya ɗaura na madara, ya taka kik, sai ga shi. Tuf-tuf-fiii. Tuf-tuf-fiii. A gidan da ke jikin nasa, Kande tana jan carbi, ta tsaya, ta yi salati a hankali.

Mairo ta ba da shawara ya ɗan zaga ƙauyukan ya gaisa da dattawa kafin ranar. Ya ƙi. Na farko, mai zai ƙone. Na biyu, abin mamaki ba a nuna shi sau biyu.

Ranar taro ya sa farar riga, ya sayi kwalbar fetur ɗaya wurin ɗan bumburutu bayan ya ɗaga ta sama ya duba ko an cika. Ya roƙi wani maƙwabci mai motar ɗaukar hatsi ya ɗora masa babur a baya, don a rage wa injin wahala. Sai da aka hango ƙauyen da za a yi taron aka sauke shi. Ya karkaɗe riga, ya hau, ya taka.

A filin makarantar ƙauyen, ƙarƙashin wata babbar tsamiya, dattawa sun zauna a kan tabarmi. Masu unguwanni a gefe ɗaya, ardo-ardo da sandunansu a gefe ɗaya. Ana hira ana tauna goro, ana jiran Injiniya ya zo a tsaya a bayansa kowa ya kama gabansa.

Sai iska ta kawo fito.

Samari ba su ji komai ba sai tsohon mashin. Amma duk mai furfura a wurin ya daina tauna. Wani dattijo da ya yi shekaru ba ya tashi sai an kama shi ya tsinci kansa a tsaye. Wata tsohuwa da ke wucewa da ƙunshin itace a ka ta tura shi cikin kwari ta ci gaba da tafiya kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ardo Manu ya ɗaga kai ya duba saman tsamiya.

Barau ya shigo fili ya ga jama'a a tsaye, shiru, ba mai ko motsi. Ƙwalla ta taru masa a ido. Daidai yadda ya tuna. Ya zaga filin, ya sake zagawa, duk da tsadar mai. Ya tsaya a tsakiya ya murɗa sau ɗaya don na baya su ji, sannan ya kashe.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku zauna, ku zauna, iyayena. Na ga kun gane. Na ɓoye muku ne don kada ku ji nauyina. Ni ne Barau ɗan Malam Abdulganiyu malamin daji, kuma wannan baburinsa ne, na tashe shi da hannuna ba tare da ɓarnar dukiya ba. Na san irin zaman da kuka yi da shi. Na yi muku alkawari a gaban Allah, yadda ya riƙe ku, haka zan riƙe ku. Ba zan rage komai ba."

Ba wanda ya zauna.

Ardo Manu ya matso yana ɗingishi ya ce, "Bamange, ashe kai ɗan mai fito ne."

"Ni ne, ɗan Fulani. Ka san shi ke nan."

"Na san shi. Ƙafar nan da kake gani, ina saurayi ina kan gawo ina kaɗo wa tumaki, na ji wannan fiton. Ban tsaya neman reshe ba."

Barau ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun ji irin ƙaunar da nake faɗa."

Dattawa suka ja gefe. Aka yi ƙus-ƙus da Hausa, aka yi da Fulatanci. Tun da aka fara zancen kwamiti, ba a taɓa ganin manoma da makiyaya sun haɗa kai da sauri haka ba. Kujerar da kowa ke gudu ta zama abin da ba za a bari ta faɗa ko'ina ba. Aka waiga ana neman mutum. Ga wani Malam Abdurra'uf can a bakin fili da buta a hannu, ya tsaya kallo. Aka kamo hannunsa.

Ya ce, "Ni fa hanya ce ta biyo da ni."

Wani mai unguwa ya ce, "Ba komai. Mahaifinka me yake yi?"

"Ɗinkin hula."

"Yana da babur?"

"Ko keke bai taɓa hawa ba."

"Tsaya nan."

Aka ce za a yi ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Barau bai damu ba. Ya ce takara ado ce ga mai nasara. Ya tsaya kusa da baburinsa ya fuskanci gabas, ya ɗaga haɓa, domin babban mutum ba ya waiwaye. Ya ji takun ƙafafu da ƙarar sanduna suna ta wucewa. Ya ji an yi addu'a an shafa. Ya ji Malam Abdurra'uf yana tambaya ko akwai wanda zai riƙe masa buta. Sai a lokacin ya ji numfashin mutum a bayansa.

Ya waiga. Tsoho ɗaya ne, ɗan ƙarami, ya dogara sanda da hannu biyu. Barau ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, kai kaɗai ka riƙe amana. Tarihi ba zai manta da kai ba. Faɗi sunanka jama'a su ji."

Tsohon ya ce, "Haladu, ranka ya daɗe. Amma ni ba layi na shiga ba. Na ga dai gidanku an iya ajiya. Akwai gatarina, mai ƙotar aduwa, Malam ya karɓa a bakin fadama ya ce in zo gobe. Na je ban same shi ba. Na ce tun da mashin yana nan, ko shi ma yana nan."

Sai wani daga cikin layin sabon ciyaman ya ce shi ma akwai addarsa. Wani ya ce igiyarsa da lauje. Suka fara tahowa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, kowa yana tsayawa a bayan na gabansa. Kafin a kira la'asar, layin Injiniya Barau ya fita daga inuwar tsamiya ya kai bakin hanya.